Me ya sa mai ba da shawara bai tsawata wa ƙanena ba?

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Ƙaura Namoda. Ƙanena ɗan shekara 24 ya faɗa shan tiramol, da ƙyar muka shawo kansa ya fara ganin wani masanin halayyar ɗan Adam a Gusau. Ran nan aka bar ni na zauna a zamansu. Yaron ya buɗe baki ya ce ƙwayar ba ta yi masa komai, ita ce ma take ba shi ƙarfin aiki. Ina jira in ji an tsawata masa, sai na ji mutumin ya ce, "Ba ni labarin abin da take yi maka." Raina ya ɓaci ƙwarai. Tsoronsa yake ji, ko ja mana lokaci yake yi? Haka aikin yake?

Amsa: Malama, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki da alheri, shi kuma ya yaye masa. Ɗauko matashi daga Ƙaura har Gusau a wannan halin da hanya take ciki ba ƙaramin aiki ba ne, kuma na fahimci ɓacin ranki sarai. Kin biya kuɗin mota, kin bar ɗalibanki, kin zo ki ji an yi masa faɗan da zai ratsa shi, sai kika tarar ana tambayarsa daɗin ƙwaya. To amma haka aikin yake. Da ni ne a kujerar nan, kusan tambayar da zan yi masa ke nan.

Ki ƙirga mini mutanen da suka riga suka faɗa masa gaskiya. Na tabbata manya sun yi faɗa, an yi masa kuka, kawu ya zo takanas, wataƙila an kai shi gaban liman, ke kanki kin yi har kin gaji. Duk gaskiya kuka faɗa masa, kuma babu wadda bai sani ba. A shekarun da na yi ina wannan aiki ban taɓa zama da mai shan ƙwaya da bai san tana cutarwa ba. Abin da ke damunsa zuciya biyu ce: ɗaya tana son bari, ɗaya tana tsoron yadda gari zai waye masa babu ita. Mutumin da ke cikin wannan hali, da ka kama ɓangare ɗaya ka ce masa dole ka daina, shi kuma sai ya kama ɗayan ya shiga kare shi. Halin ɗan Adam ne. Wani masani ɗan Amurka, Jack Brehm, ya yi bayaninsa tun 1966: idan mutum ya ji ana neman ƙwace masa zaɓi, abin da ake hana shi sai ya ƙara masa armashi. Babbar illar kuwa, duk mintin da ya yi yana kare ƙwaya kunnensa na jin bakinsa, kuma mutum ya fi gaskata maganar da ta fito daga bakinsa a kan wadda aka faɗa masa. Sai a tashi zaman ya fi riƙo da ita fiye da yadda ya shigo.

Masu wannan sana'a ma sai da suka sha wuya kafin su gane haka. A shekarun 1960 da 1970, gidajen gyaran mashaya da yawa a Amurka da ƙure mutum suke aiki: a tsare shi, a kunyata shi a gaban 'yan'uwansa, har sai ya amsa da bakinsa cewa shi mashayi ne. A 1983 William Miller na Jami'ar New Mexico ya fito da wata hanyar, wadda daga baya suka faɗaɗa shi da Stephen Rollnick a 1991, wato tattaunawar da ke zaƙulo dalilin canji daga cikin mutumin da kansa. A wani bincike da Miller da abokan aikinsa suka fitar a 1993, sun naɗi zaman da aka yi da masu shan giya, sannan suka bi sawunsu. Gwargwadon yadda mai ba da shawara ya yawaita ja-in-ja da mutum, gwargwadon yawan giyar da aka same shi yana sha bayan shekara guda. Wannan abin da ke taso wa mai taimako, ya ji in bai gyara maganar nan take ba ba zai samu sukuni ba, ni ina kiransa ƙaiƙayin gyara. Kowa yana da shi, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya sun fi kowa. Rabin horon da ake ba mu na danne shi ne.

Bari in ba ki misali da wani zama da na yi, na sauya wasu bayanai don kada a gane mai shi. Ɗan kabu-kabu ne, yayansa ya kawo shi. Ya zauna a bakin kujera yana kallon ƙofa. Ina fara magana ya katse ni: "Likita, mi kas sani ga kabu-kabu? Kai kana nan zaune cikin fanka." Na ce masa gaskiyarka, ban taɓa yini a kan babur ba, faɗa mini yadda yinin yake. Sai ya ɓarke. Daga sallar asuba har bayan isha'i, ƙura, rana, ciwon baya, ga balas ɗin mai babur da ba a ɗaga masa ƙafa ko ranar da babu ciniki, ga mahaifiya da ƙanne da suka gudo daga ƙauye duk a wuyansa. Da ya kai aya na ce, "Wato kai ba don nishaɗi kake sha ba, da ita kake ciyar da gida." Ya dube ni a karon farko. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya gyara zama.

Ki lura ban ce masa shan daidai ne ba. Na dai nuna masa na ji abin da ya faɗa, kuma wanda aka saurara ba shi da sauran abin karewa. Daga nan na tambaye shi, to mene ne ba ka so game da ita? Muka yi shiru har na ji ana kiran lamba a waje. Shirun nan yana da nauyi, sabon ma'aikaci yakan yi saurin cike shi da wa'azi. Na ƙyale shi. Can ya ce da ɗaya ya fara, yanzu sai huɗu. Ya ce kuɗin da take ci ya kusa kai na cefane. Sannan ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ko yayansa bai sani ba: wata rana ya farka ya gan shi kwance a gefen titi, mutane sun kewaye shi, ya ciji harshe, matar da ya ɗauko da goyo a bayanta tana zaune tana riƙe da gwiwa. Da na buɗe zaman da faɗa, da labarin nan ya koma gida da shi.

Na ware masa yatsuna goma na ce, a cikin nan nawa ne suke son ka bari? Ya ce huɗu. Mai ƙaiƙayin gyara zai ce haba, huɗu kawai? Ni na tambaye shi me ya sa huɗu, ba biyu ba. Tambayar tana da manufa, domin amsarta ba za ta zama komai ba sai dalilan bari. Ya ce yana da 'ya mace da ta fara tafiya. Ya ce ba ya son wata rana ya kashe matar wani. Shi ne yanzu yake yi wa kansa wa'azin da gidansu suka yi shekara biyu suna yi masa. Sai a lokacin na nemi izininsa in faɗa masa abin da na sani, ya ce bismillah. Na ce masa ko a asibiti ba a wuce miligiram 400 a yini, shi kuwa mai lamba 225 yake sha guda huɗu, 900 ke nan, kuma wannan yawan yana kawo jijjiga irin wadda ta kayar da shi, tana iya dawowa ba sallama. Na ce masa kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, domin ciwon jiki, zufa, gudawa da rashin barci za su iya mayar da shi cikin kwana biyu. Likita zai tsara masa yadda zai rage. Bai daina a ranar ba. Ya koma sau biyu kafin ya tsaya. Amma duk lokacin da ya zame yakan dawo ya faɗa, saboda ya san ba zagi ke jiransa ba.

Kin ga ke nan akwai linzami a hannun mai ba da shawara, sai dai ba a fizgarsa. A cikin magana goma da mutum ya yi, ni nake zaɓar wadda zan maimaita masa, wadda zan ce ƙara mini bayani, da wadda zan bari ta wuce. Idan zan taƙaita zaman, nakan fara da abin da ƙwayar ke yi masa, in ƙare da abin da take karɓewa, domin maganar ƙarshe ita ke bin mutum gida. Kuma ba yaudara ba ce, tun ranar farko nakan faɗa masa inda na tsaya: ina fatan ka rabu da ita, amma rayuwarka ce, ba zan iya yanke maka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na san magani da yadda yake aiki a jiki, shi ya san ƙarfe nawa sha'awar take taso masa, da wane aboki, a wace majalisa.

Mu Musulmi wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Imam Ahmad ya ruwaito labarin saurayin da ya zo wurin Annabi (SAW) yana neman a yi masa izinin zina. Mutane suka taso masa. Annabi ya ce ya matso, ya zaunar da shi, ya tambaye shi ko zai so a yi wa mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, ko goggonsa, ko innarsa. Kowace tambaya saurayin da bakinsa yake cewa a'a. Sannan ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a. Hukuncin bai canza ba ko kaɗan, amma ta bakin yaron aka bi aka kai gare shi.

Yanzu in faɗa miki abin da ya fi ba ni tsoro a wannan aiki a ƙasarmu. Ƙaninki da ya yi gardama, a wurina albishir ne, domin ya fito da abin da ke ransa fili. Wanda nake tsoro shi ne mai cewa "to". Mu mutane ne masu kunya da kara, an tarbiyyantar da mu ba a musu da babba, ba a musu da malami, balle likita. Mutum zai ce to, na gode, Allah ya saka, ya fita, ba ka ƙara ganinsa ba. Ko a Kanada, masanin halayyar ɗan Adam David Rennie ya nuna a 1994 cewa masu neman shawara sukan ɓoye rashin gamsuwarsu don kada su ɓata wa mai ba su shawarar rai, to ina ga Zamfara. Jeremy Safran da Christopher Muran, waɗanda suka yi shekaru suna nazarin yadda zumuncin zama yake tsagewa, sun raba abin gida biyu: akwai mai fito-na-fito, akwai mai ja da baya. Kuma bincike ya nuna inda aka sami saɓani aka ɗinke shi, sakamakon yakan yi kyau.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Wata dattijuwa ce da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu, ba ta barci, ƙarar babur kaɗai sai ta sa jikinta rawa. Na tsara mata ta riƙa fita kaɗan-kaɗan, yau ƙofar gida, gobe bakin titi, jibi kasuwa, don jiki ya saba cewa ba kowane babur ne na masu bindiga ba. Hanya ce mai kyau, tana aiki. Ta ce to. Mako ya zagayo ba ta fita ba, na sake bayani, ta ce to. A zama na uku na lura da hannunta, tana ta murza bakin hijabinta har ya tattare. Na ajiye biro na ce, "Inna, ina jin na yi miki gaggawa. A ɗakin nan idan kika ce a'a ba rashin kunya ba ne, taimako na kika yi." Ta daɗe ba ta ce komai ba. Surukarta da ta rako ta ce ta ce, "Likita, ai takaba take yi." Mijinta aka kashe a harin, wata huɗu da kwana goma ba su cika ba, ni kuma ina tura ta kasuwa. Laifina ne, ban tambaya ba. Na ba ta haƙuri a gaban surukar, muka sake tsari: a cikin gida za ta zauna kusa da zaure, jikanta ya tayar da babur a waje tana sane da lokacin, tana sauke numfashi a hankali har ƙirjinta ya lafa. Daga ranar ta fara yi mini musu, kuma daga ranar aiki ya fara tafiya.

Wani masanin halayyar ɗan Adam, Edward Bordin, ya ce a 1979 zaman irin wannan yana tsayawa ne a kan duwatsu uku, kamar murhu: yarda tsakanin mutanen biyu, haɗuwa a kan inda aka dosa, da haɗuwa a kan abin da za a yi don a kai can. Idan saɓani ya taso, abin da nake fara dubawa shi ne wane dutse ne ya goce. Da Inna, na ukun ne. Da matasa irin ƙaninki sau da yawa na biyun ne: gida suna son ya daina yau, shi kuwa abin da yake so a daina kiransa ɗan ƙwaya kuma bayansa ya daina ciwo. Daga abin da yake so ake farawa.

Wani saɓanin da nake gamuwa da shi kusan kullum shi ne a kan musabbabin ciwo. Iyali su ce sammu ne, ko jifa, ko iska. Ba na musun wannan, kuma ba na ce musu na tabbatar. Akwai tambayoyin da likita Arthur Kleinman ya shimfiɗa a 1978 da nake amfani da su: me kuke kiran wannan ciwo, me kuke ganin ya kawo shi, me ya sa ya fara a lokacin da ya fara, me kuka fi tsoro, wane magani kuke sa ran samu? Idan sun gama sai in ce ga kuma abin da ni na gani, mu haɗa biyun, a ci gaba da addu'a da ruƙiyya, a kuma sha magani. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya yi irin wannan a Aro kusa da Abeokuta tun 1954, ya zaunar da majinyata a ƙauye tare da danginsu, ya yi aiki da masu maganin gargajiya, daga baya ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma akwai inda nake taka burki ba kwana-kwana: a ce a daina maganin asibiti, ko a sa wa mara lafiya mari, ko a doke shi da sunan fitar da aljani. Nan nakan ce ban yarda ba, in faɗi dalili. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncin majinyaci, kuma ko babu doka zalunci ne.

Haka ma idan rai na cikin haɗari. Wanda ya taɓa jijjiga kuma yana hawa babur, a fili nake ce masa ya ajiye shi har likita ya duba shi. Idan na ji alamar mutum ya gaji da rayuwa, kai tsaye nake tambayarsa ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa. Kuma tun zaman farko nakan sanar da kowa cewa sirrinsa amana ne, sai fa idan ransa ko na wani yana cikin haɗari, nan zan nemi taimakon wanda ya dace. Idan abin ya fi ƙarfin zaman tattaunawa, akwai likitocin ƙwaƙwalwa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato. Na san yadda mutanenmu ke jin sunan nan, amma asibiti ne kamar kowane.

Game da zargin ja muku lokaci, kina da haƙƙin ki bincika. Ki nemi ganinsa, da sanin ƙaninki, ki tambaye shi ina aka dosa, zama nawa yake hasashe, da me za a gane ana samun ci gaba, ko an haɗa yaron da likitan da zai duba maganar ragewa. Ma'aikacin kirki zai amsa miki ba tare da ya tona sirrin abin da suke tattaunawa ba. Abin da zai sa ki damu shi ne idan ya hasala don an tambaye shi, ko watanni suka shuɗe babu wata manufa da aka ambata, ko yana kunyata yaron, ko yana yanke masa hukunci a kan aure da sana'a kamar shi ne ubansa, ko yana neman raba shi da danginsa. Kuma ki faɗa masa ranki ya ɓaci a ranar nan. Irin wannan maganar muke so a kawo mana, ta fi mana "to" amfani nesa ba kusa ba.

A gida kuwa ba na ce ki zama mai ba da shawara ba, ke yayarsa ce, kuma hakan ya fi ƙarfi. Ba sai kin ba shi kuɗin da kika san inda za su ba, ba sai kin rufa masa asiri a kan abin da zai cutar da wani ba. Amma in ya sake cewa ƙwayar tana ba shi ƙarfi, ki gwada haɗiye amsar da ta zo miki baki. Ki zaɓi lokacin da ba ya cikin maye, ku biyu kaɗai, bayan an ci tuwon dare, ki ce masa, "Na ji ka ce tana ba ka ƙarfi. Wane abu ne yake gajiyar da kai haka?" Sannan ki yi shiru ki jira shi, ko da shirun ya yi tsawo.